Miyar da Ban Ɗanɗana Ba

Abubuwa da yawa sun same ni a ƙasar nan waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa. Amma maganar miyar da na dafa wata Lahadi, saura mako biyu a kama azumi, ko tsufa ya rikita ni ba na jin za ta fita daga kaina. Shekaru sun wuce, amma har yau in na bi ta layin wake a kanti sai gabana ya faɗi.

A lokacin ina aikin kula da wata tsohuwar Baturiya a Irving Park, unguwar masu hali a nan garin Greensboro, inda za ka yi tafiya mai nisa ba ka ga mutum ɗaya a ƙasa ba sai motoci da manyan itatuwa. Ta haura tamanin. Ƙafafunta sun gaza, amma kai da baki garau suke, musamman bakin. Kullum sai na tura kekenta zuwa kicin ta zauna tana ba ni umarni, wai ita ce ke girki, ni hannu kawai nake ara mata. A wurinta na fara ganin tukunyar lantarkin nan mai dahuwa a hankali. Kasko ne mai nauyi na tangaran a cikin gidan ƙarfe. Da safe za ka zuba komai da komai, ka rufe, ka jona, ka kama gabanka. Ba ta tafasa, sai dai ta yi ta surace har yamma.

Da farko raina ta na yi. Ni da na tashi a Maradi gaban murhu, ai a wurina abincin da ba a tsaya a kansa ana juyawa ana share gumi ba, ba abinci ba ne. Amma ƙamshi ba ya ƙarya. Akwai wata miya da tsohuwar take so in sanyi ya kama, mai kauri, da cokali ake shan ta ba tuwo ba shinkafa. Ana zuba mata sosej, wato niƙaƙƙen naman da ake ɗurawa a hanji, da jan wake da dankali da karas da kabeji da tumatir. Ban taɓa kai ta bakina ba, don sosej ɗin na alade ne, da safar hannu ma nake yanka shi. Sai dai duk ranar da aka dafa ta, hancina yana shan wahala.

Ta lura da haka. Wata rana na zo aiki na tarar da kwali a kan tebur, sabuwar tukunya fil, ta sa jikarta ta sayo mini, don ta san ba zan yi girki a wadda alade ya taɓa shiga ba. Ta haɗa mini da ɗan kati wanda ta rubuta yadda ake miyar da hannunta mai rawa. Ta ce in nemi irin naman da addinina ya yarda da shi in gwada.

Ban sha wahalar tunanin inda zan samu naman ba, domin muna da Baba. Duk ɗan Nijar da ke Greensboro ya san shi, kuma Baba kowa yake ce masa. Dattijo ne mutumin Tawa, mahauci ɗan mahauci, ya riga yawancinmu zuwa garin. Can McLeansville, bayan gari ta gabas, akwai wata gona mai ɗan wurin yanka, a nan yake aiki. Ragon suna, na layya, naman azumi, duk ta hannunsa suke bi. Abin da ya fi yin suna da shi kuwa shi ne margez, wato naman rago da ake niƙawa da yaji da tafarnuwa a ɗura a cikin hanji. Mutum ne mai tsabta har ta yi yawa. Sai ka tsaya kana sauri shi kuwa yana wanke wuƙar da ya wanke yanzun nan. Ba ya ɗaga murya, kuma duk macen da ta je wurinsa, ko da furfura a kanta, ɗiyata yake ce mata.

Muna da karatun mata da muke yi ran Lahadi a gidan wata Hajiya, babbarmu ce duka, a ɗaya daga cikin gidajen benen da ke bayan titin Wendover. In an tashi karatu sai a ci abinci, kuma girkin juyi-juyi ne. Wannan makon ya faɗo kaina. Abin da aka saba shi ne shinkafa da miya, ko dambu, ko taliya. Ni kuwa na ce sai na kai abin da ba wadda ta taɓa kaiwa. Ba zan ɓoye ba, burga ce ta kai ni. So nake a ce wance ta iya har girkin Turawa.

Abu biyu na canza a cikin katin. Na farko, na cire sosej na sa margez ɗin Baba, wanda maigidana ya je ya karɓo mini ran Asabar. Na biyu shi ne wake. Tsohuwar ta rubuta waken gwangwani, ta ja layi biyu a ƙarƙashin kalmar gwangwani. Na ga layukan nan, ba zan ce ban gani ba. Sai na taɓe baki na ce lalacin Turawa ne kawai. Ni ce zan buɗe gwangwani in juye wa su Hajiya, in ce na yi girki? Allah ya kiyaye. Na shiga kanti na sayo busasshen jan wake, irin manyan nan masu sheƙi, na tsince shi na wanke kamar yadda nake yi wa farin wakenmu na gida. A ganina wake ai wake ne, launi ne kawai ya bambanta.

Bayan sallar asuba na soya margez ɗin sama-sama, na ware guda huɗu na soya wa maigida da ƙwai ya karya kumallo. Sauran na yayyanka na zuba a tukunya tare da ɗanyen waken da kayan lambu da tumatir, na cika ruwa, na murɗa ta a ƙaramar wuta kamar yadda na ga muna yi a Irving Park. Kafin hantsi gidan ya gauraye da ƙamshi, har maƙwabciyata da muke haɗuwa a matakala ta tambaye ni me ake dafawa.

Abu ɗaya ne ban yi ba, ban ɗanɗana ba. Azumi nake yi. Mata za su gane wannan: ramuwar bara ce na yi ta jan ƙafa a kanta, yau aiki gobe gajiya, sai da wata ya kusa tsayawa na farga saura kwana uku a kaina. Don haka ran nan bakina a rufe yake. Gishiri da ido na auna, sauran kuma na bar wa hanci. Da na buɗe murfin wajen ƙarfe ɗaya na ga romon ya yi kauri, waken ya kumbura ya yi jawur, na ce shi ke nan, ta yi. Na naɗe tukunyar da tawul na sa a mota.

Mu goma sha ɗaya ne a karatun. Da aka shafa addu'a na buɗe tukunya, ɗakin ya ɗauki salati. Wannan ta ce ina kika koyo, waccan ta ce sai kin rubuta mini. Ni kuwa kaina sai ƙara girma yake, ina zuzzubawa ina cewa ai ba wani abu ba ne. Wata ƙawata, wadda ba ta iya ɓoye abin da ke bakinta, ta tauna ta tauna ta ce, "Daɗi kam akwai, amma waken kamar da sauran ƙarfi-ƙarfi."

Na ce, "Ke dai ba ki waye ba. Haka Turawa suke cin sa."

Aka yi dariya, ta ci gaba da ci. Wannan amsar tawa har yau in na tuna ta sai in ji kamar in mari kaina.

Hajiya kuwa tana fama da hawan jini, an hana ta jan nama. Ta miƙo mini kwanonta ta ce, "Ɗiyata, tsame mini naman nan kaf, lokotoro ya hana. Ki cika mini waken, shi nake so." Na tsame mata, na cika. Ta cinye ta sake miƙowa, na ƙara mata, ina jin daɗi babbarmu ta yaba.

Ana shirin sallar la'asar ƙawar nan tawa ta miƙe ba ta ce wa kowa komai ba, ta nufi banɗaki da gudu. Muna jin ta tana kelaya amai. Kafin ta fito wata ta dafe ciki ta durƙushe. Banɗaki ɗaya ne a gidan. Cikin abin da bai kai rabin awa ba, wata tana kan wurin wanke-wanke, wata ta rungume kwandon shara, biyu sun fita baranda cikin sanyin nan ba ko mayafi. Mata manya, masu 'ya'ya da jikoki, suna nishi suna kiran sunan Allah. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Na tsaya a tsakiyar ɗaki da ludayi a hannuna, na kasa gaba na kasa baya.

Sai Hajiya. Ita ba ta ma samu ta tashi ba, a kan dardumarta abin ya kama ta, ya yi ta zuwa ba ƙaƙƙautawa har idanunta suka faɗa, jikinta ya saki. Na riƙe kanta ina kiran ta, tana amsawa da ƙyar. Ni na kira motar asibiti, ni na kira ɗanta daga wurin aiki.

Da aka fita da ita ɗakin ya yi tsit, sai nishi. A nan wata daga cikin matan ta ɗago kai daga inda take kwance, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ke ba ki ci ba ko?"

Na ce, "Azumi nake."

Ta ce, "Uhm."

Wannan uhm ɗin ya fi zagi. Na duba na ga ido goma sha takwas a kaina. Ni na dafa, ni na zuba, ni kaɗai ce a tsaye garau. Na san mutanenmu, na san abin da ake faɗa a kan macen da ta ba jama'a abinci ita ba ta ci ba. Kafin in yi wani tunani na ji bakina yana cewa, "Naman ne. Walla naman ne. Ni dama da na buɗe ledar na ji kamar warinsa ya canza."

Ban ji wani wari ba. Margez ɗin nan lafiyarsa lau, ƙamshinsa ma ya fi na kullum. Amma ina faɗar haka na ga idanun sun sauka daga kaina, kowa ta kama cewa ai kuwa, nama in ya juya haka yake yi, ai kuwa, wake da karas me za su yi wa mutum. Ni kaina cikin minti biyar na yarda da maganata. Da na koma gida, kafin ma in sha ruwa, na ɗauki waya na yi saƙon murya a zauren matanmu. Na ce duk wadda ta sayi nama a wurin Baba wannan makon kada ta kuskura ta ci, ga abin da ya same mu, ga Hajiya can a asibiti. Na gaya wa kaina ceton rai nake yi.

Maigidana yana gefe yana ji. Ya ce, "Amma fa ni ma na ci shi da safe, har guda huɗu. Ga ni kuwa ko gyatsa ban yi ba."

Na ce, "Kai cikinka ko ƙusa ka haɗiye narkewa za ta yi. Ka bar ni da abin da ya dame ni."

Ya tashi ya bar mini ɗakin. Mutum ne da ba ya son hayaniya, ni kuma na san haka, na sha cin moriyarsa.

Kafin gari ya waye duk matan sun warware, kamar ba su ba. Hajiya ce kaɗai ta kwana ana yi mata ƙarin ruwa, ran Litinin aka sallame ta. Saƙona kuwa bai warware ba. Daga zauren mata ya tsallaka na maza, ya shiga na ɗaliban Najeriya da ke jami'o'in garin, ya kai wurin 'yan Gana. Duk inda ya sauka sai an yi masa ƙari. Wasu suka ce firjin Baba ya lalace ya ƙi gyarawa. Wasu suka ce mushe yake niƙawa, shi ya sa yake cika yaji. Ran Litinin da yamma yayata ta kira ni daga Maradi tana tambaya wai da gaske ne wani mahauci ya kusa kashe mu. A ranar ne kuma Baba ya je duba Hajiya, ɗanta ya tare shi a bakin ƙofa ya ce ba ya shiga. Da na ji, ban ji daɗi ba, amma na ce ai shi ya jawo.

Ran Talata na koma aiki. Ina haɗa wa tsohuwar shayi ta ce, to, yaya miyarta ta yi a wurin ƙawayena? Na kwashe labari na ba ta, har da ƙarin gishiri a kan mahaucin da ya cuce mu. Tana ji tana girgiza kai. Can sai ta tsayar da ni ta ce, "Wane wake kika sa?"

Na ce jan wake, kamar yadda ta rubuta, sai dai ni busasshe na saya, don ya fi na gwangwani.

Ta ajiye kofin. Ta ce, "Kin jiƙa shi ya kwana? Kin tafasa shi a kan wuta kafin ki zuba a tukunyar?"

Na ce a'a, ai tukunyar ce za ta dafa shi.

Ta rufe baki da hannu ta kira sunan Ubangiji. Sannan ta ce, "Yarinyata, ba naman ba ne." Ta yi mini bayani a hankali, kamar mai magana da ƙaramin yaro. Wai jan waken nan yana da wani dafi a jikinsa tun yana ɗanye, kuma ba abin da ke kashe dafin sai tafasa ta sosai a wuta mai ƙarfi. Tukunyar nan kuwa a ƙaramar wuta ba lallai ta kai shi ga tafasa ba, sai ta kumbura shi ya yi kamar ya dahu, dafin yana nan. Na gwangwani an riga an dafa shi tun daga masana'anta. Ta ce, "Shi ya sa na ja miki layi biyu."

Ban san lokacin da na bar kicin ɗin ba. Na tsinci kaina a ɗakin wanki, na rufe ƙofa, ina duba waya. Duk abin da ta faɗa ga shi nan a rubuce, har da yadda ciwon yake kamawa bayan awa ɗaya zuwa uku, da yadda yake sakin mutum da kansa. Na zauna a ƙasa na jingina da injin wanki. Sai a lokacin abubuwan da na ƙi kallo suka tsaya a gabana. Hajiya ko ƙwayar nama ba ta ci ba, wake ta ci kwano biyu, ita ce ta kwana asibiti. Maigidana nama ya ci ba wake, ko ciwon kai bai yi ba. Ni ce. Da hannuna na tsince dafin, na wanke shi tas, na cika wa babbarmu kwano na ƙara mata.

Ina ma in ce muku daga nan na miƙe na tafi McLeansville. Ban tafi ba. Na wanke fuskata na gama aikina na koma gida na dafa tuwo. Washegari na ɗauko sauran waken daga kabad na sa a jaka, na kai shi har Irving Park na jefa a shararsu, don kada maigida ya gani a tamu. Na ce wa zuciyata ai kowa ya warke, magana za ta mutu da kanta, Baba kuma dattijo ne, mutane za su manta. In na fito na faɗa kuwa, ni ce zan zama wadda ta ba mata guba sannan ta ɗora wa tsoho. Da wane ido zan shiga karatu? Kwana uku ina wannan lissafi, ina kuma ƙarasa ramuwar azumina, ina ɗaga hannu ina roƙon Allah ya karɓa. Ko kunya ban ji ba.

Ran Juma'a maigida ya dawo daga masallaci, ya zauna bai cire takalmi ba. Na kawo masa ruwa bai taɓa ba. Ya ce, "Yau na ga abin da ya karya mini zuciya." Wai ana sallame salla Baba ya nemi izinin liman ya miƙe a gaban jama'a. Ya ce ya bincika wuƙaƙensa da injinsa da firjinsa, ya rasa inda aka samu kuskure, amma tunda bayin Allah sun cutu ta hannunsa, yana roƙon kowa gafara, musamman Hajiya. Ya ce daga ranar ya ajiye wuƙa, masu jiran naman azumi su yi haƙuri su nemi wani.

Kukan da na yi ta dannewa tun Talata ya ƙwace. Na durƙusa a nan tsakar ɗaki na gaya masa komai, har da warin da ban ji ba. Ya daɗe yana kallona kamar yau ya fara ganina. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ɗauki makullin mota ya ce, "Ɗauko mayafinki."

Muka kama hanyar McLeansville. Muka bar gari, gidaje suka yi ta raguwa, sai filaye da shingaye. Mun samu Baba a bayan rumfar yankan yana goge teburin da ba komai a kansa. Babban firjinsa a buɗe yake, wayam, an zare shi daga wuta. Can gefen shinge kuma ga wani tudu na sabuwar ƙasa ja. Yana ganina ya saki tsumman ya taho yana cewa, "Ɗiyata, ke ma kin zo? Ki gafarce ni, na ba ki kunya a gaban mutane."

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Na zube a gabansa na ce, "Baba, ba kai ba ne. Ni ce." Na faɗa masa maganar waken, ina yi ina sarƙewa. Bai gane ba, sai da maigida ya sake yi masa bayani dalla-dalla.

Ya ce, "Wake?"

Maigida ya ce, "Wake, Baba."

Ya lalubo wani bokiti ya kifa ya zauna. Ya dubi tafin hannayensa, ya juya su ya dubi bayansu. Sai ga hawaye yana bin gemunsa. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ashe hannun nan bai cuci kowa ba. Kwana biyar ke nan in na rufe ido Hajiya nake gani a gadon likita." Ya yi ta maimaita godiya ga Allah, ni kuwa ina durƙushe ina jira ya zage ni, bai zaga ba.

Da ya share fuska sai ya ce, "Yaushe kika gane, ɗiyata? Yau?"

Zan iya cewa yau. Ba wanda zai ƙaryata ni sai mutumin da ke tsaye a bayana, shi ma na san ba zai yi ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Tun Talata."

"Talata," ya ce. Ya juya ya dubi tudun jar ƙasar nan ya daɗe. "Ran Laraba na binne naman. Raguna shida, da margez ɗin da na yi wa mutane na azumi. Na ji tsoro kada wani ya ci."

Ni dai a rayuwata ba a taɓa gaya mini maganar da ta dake ni kamar wannan ba, kuma a hankali ya faɗe ta, ba fushi ba gori. Daga baya ya ce ya yafe duniya da lahira, abu ɗaya kawai yake so, in je in gaya wa Hajiya da bakina.

A cikin mota, kafin mu bar gonar, na yi saƙo na biyu. Sau uku ina farawa ina gogewa, don kowane karo sai in ji ina neman wa kaina mafita. A na huɗu na faɗe shi tsirara: waken da na dafa ne, naman Baba lafiyarsa ƙalau, warin da na ce na ji ƙarya na yi don tsoro, kuma na san gaskiya kwana uku na yi shiru. Na roƙi duk wadda ta tura na farko ta tura wannan.

Na sha abin da na sha. Wasu suka zage ni a fili, wasu suka daina amsa sallamata, wasu kuma suka mayar da ni abin dariya, har yau akwai masu tambayata ko da wake in na kawo abinci. Hajiya ta wanke ni tas da faɗa, ba don cikinta ba, don kwana ukun nan. Sannan ta sa ɗanta, wanda ya tare ƙofa, ya tuƙa ta har McLeansville ya ba Baba haƙuri a gabanta. Da ƙyar liman da manyan gari suka shawo kansa ya koma yanka ana tsakiyar azumi. Wasu masu sayen namansa sun dawo. Wasu kuwa sun riga sun saba da wani wuri, wasu kuma saƙon farko kawai suka ji. Yayata ta Maradi ma sai da na kira ta da kaina, don na biyun bai isa can ba.

Bara wata amarya ta zo daga Kano, mijinta yana karatu a nan. Muka haɗu a wurin suna, ta tambaye ni inda ake samun nama mai kyau. Na ce ta sa mijinta ya kai ta wurin Baba. Sai ta matso ta rage murya ta ce, "Anti, ba shi ne tsohon da aka ce ya taɓa kwantar da mata a asibiti ba? Tun kafin mu taso aka gargaɗe mu."

Yarinyar nan tana makarantar sakandare lokacin da abin ya faru, a wata nahiya daban. Na ajiye farantina na ce, "Zauna, ƙanwata. Matar da ta kwantar da su ita ce ke gabanki." Na ba ta labarin tun daga kan kati har tudun ƙasa, tana zaro ido. Ba ita ce ta farko da na zaunar haka ba, kuma na san ba ita ce ta ƙarshe ba.

Yanzu na iya miyar. Ina jiƙa wake ya kwana, in zubar da ruwan, in tafasa shi ya yi ta ɓararraka kafin ya ga tukunyar. Wannan darasin a rana ɗaya na koye shi. Wanda ya fi shi tsada shi ne na baki. In abu ya ɓaci kuma tsoro ya kama ni, na koyi in fara bincikar hannuna kafin in ambaci sunan wani, in kuma na gane laifina ne, kada in bari rana ta faɗi ban faɗa ba. Dafin waken kwana ɗaya ya yi a cikin mutane ya fita. Maganar da na yi a minti ɗaya kuwa har yau tana yawo da sunan dattijon da bai yi mini komai ba, ni kuma ina bin ta a baya, mutum ɗaya bayan ɗaya.